Taswirar Laxton da abin da ba a zana ba

Aikina awon filaye ne, kuma tun ina sabon shiga nake son tsohuwar taswira. Da kwas ya kai ni Ingila bara, Asabar ɗin farko da na samu sarari ban nufi Landan ba. Wani ɗan ƙauye na tafi mai suna Laxton a yankin Nottinghamshire, saboda wata taswira da aka zana a 1635.

Wani ma'auni mai suna Mark Pierce ne ya zana wa Sir William Courten, attajirin Landan da ya mallaki ƙauyen. Ta asali tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ni kwafinta na gani. Na daɗe tsaye a gabanta. Gonakin siri-siri ne dogaye, an jera su kamar sawayen saƙi kafin a ɗinke, kowace da lambarta. Ga kuma 'yan ƙananan mutane da ya zana a ciki: wannan yana bin garma, wancan yana shuka, wasu suna tara ciyawa. Haka noma yake a sassa da dama na Ingila a zamanin da. Babu shinge. Manomi ɗaya yana da 'yan sawayensa warwatse cikin manyan filayen gari, nan ƙasa mai kyau, can mai laka, don kada wani ya kwashe mai albarka shi kaɗai. Fili ɗaya alkama, ɗaya amfanin bazara, na uku a bar shi saura ya huta. Laxton ne kawai ya rage da wannan tsari yana aiki har yau, da filayensa uku.

Da na fita bayan gari sai na ga kunyoyi. Manya ne masu faɗi, ciyawa ta rufe su, tumaki na kiwo a kai, amma ga tudu ga kwari ras, shekaru aru-aru bayan garma ta bar wurin. Ba su miƙe sak ba, suna da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, domin garmar da shanu takwas ke ja sai an fara karkata ta tun kafin a kai bakin gona. Ita kanta ekar da muke awo da ita, asalinta abin da shanu za su iya huɗawa ne a yini guda.

Shinge ya shigo ne sannu a hankali. A 1235 Dokar Merton ta ba ubangidan ƙasa damar killace makiyayar gari muddin ya bar wa masu haƙƙi abin da zai ishe su. Sai annobar 1348 ta kashe mutane ba adadi, ƙwadago ya yi tsada, gashin tumaki ya yi kuɗi. Makiyayi ɗaya da karensa sun maye gurbin gari guda. Haka aka tashi ƙauyen Wharram Percy a Yorkshire wajen 1500. A 1549 talakawan Norfolk suka tayar, suna tumɓuke shingaye, wani mai ƙasa, Robert Kett, ya shige musu gaba bayan ya rushe nasa da hannunsa. Rataye shi aka yi a Norwich. Daga baya majalisa ta karɓi aikin: tsakanin 1604 da 1914 ta yi dokokin killacewa sama da 5,200, da suka shafi eka wajen miliyan 6.8.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da taswira ba ta ɗauka. Tana nuna gonar wane da ta wane. Ba ta nuna gwauruwar da ke kala bayan girbi, ko mai saniya ɗaya da ke sakinta a makiyayar gari, ko yaran da ke ɗebo itace. Ranar rabon filin da za a killace, mai shaidar haƙƙi ya samu ɗan fegi, sau da yawa kuɗin shinge ya fi ƙarfinsa ya sayar. Wanda al'ada kawai ya dogara da ita ya tashi a tutar babu. A 1788 ma kotu ta ce kala ba haƙƙin talaka ba ne a doka.

Wannan ya taɓa ni sosai. Na taɓa kafa turakun siminti a wani fili a gida, takarda ta cika, lissafi ya yi daidai. Wani dattijo ya zo ya ce mini, "Yaro, nan burtali ne." Na duba takardata, babu burtali. Na ci gaba da aikina, kuma har yau abin yana damuna.

A Laxton, duk watan Nuwamba wasu zaɓaɓɓun manoman gari suna zaga filin da aka bari ya huta, ɗauke da turakun katako da guduma. Inda wani ya ci hanyar ciyawa ta jama'a da garmarsa, su mayar da turke mazauninsa, su rubuta sunansa. Bayan 'yan kwanaki kotun gari ta zauna, a ci shi tara. Na ga ɗaya daga cikin turakun a bakin wata gona, ɗan guntu ne, bai kai gwiwata ba.