Kwana uku kafin na danna maɓallin girkawa

Ranar da aka miƙo mini sabuwar kwamfutar aiki aka ce in girka kayan rubuta manhaja, na ɗauka kafin azahar na gama. Manhajar da za mu riƙa gyarawa irin wadda ke riƙe da lissafin kuɗi da albashi da kayan sito ce a wuri guda, an gina ta da yaren rubuta manhaja na Java, tana zaune a kan sabar da ni ko ganinta ban taɓa yi ba. Na sauke JDK 21, wato kayan haɗa manhajar Java, domin shi ne sabon da na samu, na girka edita, manhajar da ake rubutun a cikinta, na yi ɗan gyara, komai ya haɗu lafiya lau. Ina tura shi sabar gwaji sai ta ƙi karɓa. Saƙon da ta dawo da shi, UnsupportedClassVersionError, yana cewa ta ga lamba 65 alhali iyakarta 55.

Kowane fayil da Java ta haɗa yana ɗauke da lambar sigar da ta haɗa shi. Java 8 tana sa 52, ta 11 tana sa 55, ta 17 tana sa 61, ta 21 kuma 65. Sabuwa tana iya tafiyar da tsohon fayil, tsohuwa kuwa ba ta san sabo ba. Sabarmu tana kan 11, wadda ta fito a 2018, kuma ba wanda zai taɓa ta don jin daɗina, tun da albashin mutane ne a kanta. Gaskiya ne ana iya umartar sabon JDK ya yi haɗi irin na 11, amma editan da ƙananan kayan da ke manne da shi su ma kowanne da sigar da aka gwada shi a kai. Kwamfutata ce za ta bi sabar sau da ƙafa.

Na goge komai, na sake lale. Wannan karon sai na fara da zuwa wurin mai kula da sabobin, na ce, "Malam, wace siga ce a kan sabar, wace ce kuma a rumbun bayanai?" Bai yi dogon bayani ba, ya buɗe mini jadawalin da masu manhajar suke fitarwa, wanda ke nuna wace Windows, wane JDK, wane edita da wane direban rumbun bayanai (abin da ke haɗa manhaja da rumbun) ne suke tafiya tare. Na kwafe layinmu a takarda da hannuna. Neman izinin admin da lasisi da asusun shiga rumbun gwaji kuwa ya ci kwana biyu, jira ne kawai.

Inda na fi daɗewa shi ne hanyar intanet ta ofis. Duk abin da zai fita ko ya shigo sai ya bi ta furokzi, wadda ke buɗe saƙo ta duba sannan ta sake rufe shi da satifiket ɗinta, wato shaidarta ta tsaro. Burauza ba ta damu ba, domin an riga an sanar da Windows wannan satifiket. Java kuwa tana da nata kundin amintattu daban, fayil mai suna cacerts, kuma ba ruwanta da abin da Windows ta yarda da shi. Shi ya sa shafi yake buɗewa a burauza, amma Maven, kayan aikin da ke haɗa manhajar, ya tsaya cak da saƙon PKIX na rashin yarda da satifiket idan zai ɗebo kayan haɗi. Wani ya ba ni shawarar in kashe binciken satifiket gaba ɗaya in huta. Ban yarda ba, kuma har gobe ba zan yarda ba: kwamfutar da ke da hanyar shiga bayanan albashi ba wurin barin ƙofa a buɗe ba ne. Na karɓi satifiket ɗin daga masu tsaro, na shigar da shi cikin cacerts da umarnin keytool, na rubuta adireshin furokzi a fayil ɗin saitin Maven, settings.xml, da ke cikin folda .m2.

Sauran duk ƙananan abubuwa ne, amma kowanne ya isa ya cinye yini. Na buga where java na tarar da wata tsohuwar Java a gaban layin PATH, jerin foldojin da Windows ke neman umarni a ciki, wadda da ita za a riƙa kira idan na buga java, ko me na rubuta a JAVA_HOME, saitin da ke nuna inda JDK yake. Na duba da netstat -ano na ga wata manhaja ta riga ta zauna a ƙofar sadarwa ta 8080 da nake buƙata. Ƙofa ta 1521, wadda rumbun bayananmu na Oracle ke saurare a kai, a toshe take daga ɓangarenmu, sai da na cike takardar neman a buɗe. Direban rumbun ma na tabbatar 64-bit ne kamar editan, domin ba a gauraya shi da 32. Foldar aiki na sa ta a C:\dev, gajeren suna, ba sarari, ba harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ, saboda tsofaffin kayan Windows da yawa suna shaƙewa idan hanyar fayil ta wuce haruffa 260, kuma foldojin Java ba sa raina zurfi. Manyan fayilolin girkawa kuma na gwada lambar SHA-256 ɗinsu, wadda ke nuna ko fayil ya sauka cikakke, da umarnin certutil, ɗaya ya fito daban, ashe saukarsa ta yanke a hanya.

A rana ta huɗu na girka komai bi da bi, JDK, sannan direba, sannan edita, cikin ƙasa da awa guda. Gyaran nan nawa na farko ya hau sabar gwaji ba gardama. Takardar da na fara rubutawa da hannu ta zama shafi biyu, kuma da ita wadda aka ɗauka bayana ta shirya tata kwamfutar a yini ɗaya. Layin farko sigar sabar ce da ranar da na tambaya. An ce za a ɗaga ta zuwa 17, don haka na sa alama a layuka biyar da za su canza tare da ita.