Ƙwayar ce ta rage masa haki, ko tafiyar da ya fara?

A sashen fisiyo inda nake aiki, wanda jama'a suka fi sani da wajen gashi, da yawa daga cikin waɗanda ake turo mana don koyon motsa jiki da ƙafarsu suke zuwa. Ma'aikatan ofis ne, da 'yan kasuwa masu wuni zaune a shago, da iyaye mata da ɗawainiyar gida ta yi musu sauƙi bayan yara sun tasa. Likita ya ga hawan jini ko suga ya fara leƙowa, ya ce su riƙa tattaki. Kusan kowa yana zuwa da 'yar roba ko ƙullin gari a jaka: zogale, ƙwayar tafarnuwa, ko wani abin da ɗa ya aiko daga waje. Tambayar ba ta canzawa: "Malam, wannan zai sa in daina haki?"

Abin da aikin nan ya fi koya mini shi ne, wanda ya daɗe ba ya motsa jiki, kusan duk abin da ka ba shi sai ya yi kamar ya yi aiki. Muna da gwajin da muke yi na tafiyar minti 6: mutum ya yi ta kai-komo a baranda mai tsawon mita 30, mu ƙirga nisan da ya ci. In aka maimaita masa washegari, ko ruwa bai ƙara sha ba, yawanci sai ya zarce na jiya, domin ya san wurin, tsoro ya sake shi, ya gane yadda zai raba ƙarfinsa. To, a ce tsakanin gwajin farko da na biyu an ba shi wata ƙwaya. Shi zai rantse ta yi, mai sayarwa ma zai rantse, kuma babu wanda ya yi ƙarya da gangan.

Ga kuma saurin da jiki ke yi wajen sauka da hawa. A 1966 a birnin Dallas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku, suka tarar ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga tsufan bai yi musu ɓarnar da kwanciyar mako ukun ta yi ba. Hawan ma haka yake: a binciken HERITAGE da Claude Bouchard ya jagoranta, ɗaruruwan mutanen da ba su saba motsa jiki ba sun yi atisaye na mako 20, kuma a tsaka-tsaki wannan ƙarfi ya ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari. Wasu sun ninka haka, wasu kuwa da ƙyar suka motsa. Wannan bambancin yana da muhimmanci gare mu, domin in mutum biyu suka fara tattaki tare, ɗaya na shan gari ɗaya ba ya sha, kuma mai shan ya fi samun ci gaba, mai yiwuwa halittar jikinsa ce kawai.

Ban ce tsirrai ba su da tasiri ba. Wanda hujjarsa ta fi gamsar da ni shi ne ruwan bitirut, wata jar saiwa mai yawan sinadarin naitiret. A 2009, Andrew Jones da abokan aikinsa a Jami'ar Exeter ta Ingila sun ba maza takwas rabin lita kullum har kwana shida. Sai aka ga suna buƙatar ƙarancin oksijin wajen tuƙa keken gwaji, kuma sun jure aiki mai tsanani da ƙarin kusan kashi 16 cikin ɗari na lokaci kafin su gaza. Hanyar da abin ke bi tana burge ni har yau. Naitiret yana shiga jini, ya dawo baki ta cikin yawu, ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a bayan harshe su mayar da shi naitirayit, a haɗiye, daga nan jiki ya samar da sinadarin da ke buɗe jijiyoyin jini. Shi ya sa wanda ke kurkure baki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta yake toshe amfanin. Bayan haka masu binciken suka samo dabarar cire naitiret daga ruwan ba tare da launi ko ɗanɗano ya canza ba, don mai sha ya kasa gane wanne aka ba shi. Irin wannan taka-tsantsan ne ya sa na yarda da su. Duk da haka, matasa ne masu ƙoshin lafiya, takwas kacal, a ɗakin gwaji. Kafin in ɗora sakamakonsu a kan Hajiya mai shekara 58 da ke shan maganin hawan jini, sai na yi tunani sosai, tunda naitiret ɗin da kansa yana ɗan saukar da jini. Kuma alayyafo da latas ɗin da ake sayarwa a bakin kasuwa suna cike da shi, ba sai an sayi kwalba mai tsada ba.

Binciken da ya fi girgiza ni kuwa an yi shi ne a Jami'ar Kopenhagen ta Denmark, aka wallafa a 2013, kuma a kan irin mutanen da nake gani kullum. Maza 27 ne masu kimanin shekara 65 da ba sa motsa jiki. Duka sun yi atisaye na mako takwas. Wasu na shan miligiram 250 na resberatirol, sinadarin da ke cikin ɓawon inabi wanda ya yi abin mamaki a jikin ɓeraye, sauran kuma ƙwayar wofi, wadda ba magani a cikinta. Waɗanda suka sha ta wofin sun fi samun ƙaruwar ƙarfin amfani da oksijin. Masana sun yi muhawara a kan fassarar sakamakon, kuma mutanen ba su da yawa. Amma tunanin da ke bayansa yana da ma'ana: 'yar wahalar da tsoka ke sha lokacin atisaye ita ce saƙon da ke sa jiki ya ƙara gina kansa, kuma abin da ya dushe saƙon yana iya rage ribar. Tun daga nan na daina ɗaukar maganar "ko bai yi amfani ba, ai ba zai cutar ba" da wasa.

Akwai kuma batun abin da ke cikin robar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da ƙwayoyin efedira a 2004, tsiro ne da ake tallarsa don rage ƙiba da ƙara kuzari, bayan an danganta shi da bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mace-mace. A nan gida, lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya tana nufin an duba rashin illarsa, ba shaida ba ce cewa yana yin abin da aka ce yana yi. Sau da yawa an ma rubuta hakan da ƙananan haruffa a gefe. Nakan nuna wa mutane wurin da yatsa.

Don haka in Alhaji ya miƙo mini robarsa, ba na kushe ta, domin in ka raina abin da mutum ya kashe wa kuɗi, ba zai sake gaya maka abin da yake sha ba. Nakan rubuta sunanta a kati don likitansa ya gani, musamman in yana kan maganin jini, na suga ko na tsinka jini. Sannan mu koma kan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020, wato minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Mukan fara da minti goma bayan sallar asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, da saurin da zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba.

Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki kuwa, da yawansu suna son yin binciken kammala karatu a kan zogale, kuma ina ƙarfafa musu gwiwa, domin ganyen namu ne, mutanenmu ne ke ci, ya kamata a auna shi yadda ya dace. Sharaɗina shi ne a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowa ya yi atisaye iri ɗaya, rabi su sha garin da ba zogale a ciki amma yana kama da shi, mai aunawa ya kasance bai san wa ya sha me ba, kuma a yi gwajin tafiyar sau biyu tun kafin a ba kowa komai.