Simoki a zafin Gombe

Ranar kamun ƙanwata aka yi abin da ya sa na zauna na koyi kwalliyar ido da gaske. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Gombe ke sa mutum ya yi wanka ya fito yana gumi. Mai kwalliyar da aka ɗauko ta shafe mata fatar ido da baƙi tun daga gashin ido har gindin gira, ta ce ai simoki ke nan, wato kwalliyar ido mai kama da hayaƙi. A ɗaki, ƙarƙashin fanka, hoto ya yi kyau. Kafin la'asar gumi da hawaye sun haɗu, baƙin ya gangaro mata har kumatu. Ta kamo hannuna a hankali ta ce, "Adda, duba mini fuskata, sai kallona ake yi." Na ja ta ɗakin Goggo na goge mata da auduga da man kwakwa, zuciyata na ƙuna, don yarinyar ta yi wata uku tana jiran wannan rana.

Yanzu shekara huɗu ina yi wa amare da ƙawayensu a ɗakina a Jekadafari, kuma abin da hannuna ya gane shi ne baƙi ɗan kaɗan simoki ke so. Aikin duk yana wurin murzawa, yadda duhu zai fara daga gindin gashin ido ya riƙa sirancewa yana hawa sama kamar hayaƙin turaren wuta, har ki rasa inda ya ƙare.

Da ido nake farawa kafin fandeshan, man da ake shafa wa fuska duka don daidaita launinta, domin garin launi yana zubowa kan kumatu, gara ya zuba a fatar da zan iya gogewa. Ina share maiƙon fatar ido, in shafa konsila, man rufe tabo, siriri, in danne da hoda. Wadda ta tsallake wannan a garin nan, kafin a raba abinci launin ya taru a lanƙwasar ido ya zama layi ɗaya. Daga nan sai launin ƙasa-ƙasa, wanda ya ɗan ɗara fatar mai shi duhu, da burushi mai laushi, in kai in kawo a lanƙwasar har sai gefensa ya ɓace. A nan nake daɗewa, wani lokaci minti biyar a ido ɗaya, amarya tana tambaya, "Anti, ba a gama ba?" Sai in ƙara launin gahawa a wutsiyar ido, in jawo shi ciki kaɗan.

Baƙi shi ne na ƙarshe. Ina zizara gazal, wato fensirin kwalli, a gindin gashin ido, in murza nan take da tsinken auduga tun bai bushe ba, sannan in danna baƙin gari a kansa ya riƙe shi. Ba ya wuce lanƙwasar ido. Idan fatar saman idon mutum tana saukowa ta rufe lanƙwasar, ina sa ta buɗe ido ta kalle ni sak, in ɗora launin ɗan sama da inda fatar ke naɗewa, in ba haka ba tana buɗe ido aikin ya ɓuya. A ƙasan ido launin ƙasa kawai nake sawa, rabin waje, saboda nan hawaye ke fara bi. Fatarmu kuma tana son makuba da shunayya da shuɗin baba fiye da baƙi zalla, wanda kan sa ido ya yi zuru-zuru a hoton dare. Ɗigon ruwan gwal a tsakiyar fatar ido, da ɗan yatsa, ya isa. Janbaki kuwa mai sanyi.

Duk lokacin da nake murza gazal sai na tuna Dada. Tandunta na fata yana rataye a ƙusa kusa da madubi. Takan tsoma tsinke, ta rufe ido a kansa, ta ja sau ɗaya, ta bi da ɗan yatsanta ƙarami. Wannan duhun mai laushi shi ake nema yau da burushi biyar.

Sai dai kwallin dutse da ake sayarwa a ƙulle ba na sa wa kowa, ba na kuma bari a sa wa jaririna. Yawancinsa dutsen dalma ne ake niƙawa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka gano daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, wanda kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Na sha fama da Goggo a kan wannan kafin ta yarda.

Gazal ɗin da nake amfani da shi ina feƙe shi tsakanin mutum da mutum saboda ciwon apolo, maskara kuma in ta yi wata uku a buɗe na jefar. Kafin amarya ta zauna kujerata nakan ce ta je ta yi alwala tukuna, don kayan kwalliya masu hana ruwa shiga ba sa barin ruwa ya taɓa fata. Idan na gama, ina ba babbar ƙawarta tsinken auduga biyar da 'yar hoda a leda, in nuna mata yadda za ta ɗauke hawaye daga kusurwar ido da dannawa, ba tare da ta ja ba.