Godiya ga duk wanda ya ba ni ruwa tsakanin Legas da Argungu

Alhamdulillahi Rabbil alamina. Na iso gida, na ga Inna, na ci tuwon shinkafar da tun daga Jega nake jin ƙamshinsa a raina. Shirun da kuka ji na yi barci ne ya kayar da ni, sai ƙafafun da har yanzu ba su yarda da takalmi ba. Saƙonninku sun taru a waya, na fara amsawa ɗaya bayan ɗaya na ga ba zan kai ba. Wanda bai ga amsata ba ya yi haƙuri, wannan rubutun nasa ne.

Ba zan maimaita labarin gudun da na yi a ƙasa daga Legas zuwa Argungu ba, tare muka yi hanyar da ku. Kun ga gadar Jebba, kun ga abin da ambaliyar watan Mayun 2025 ta bari a Mokwa, kun ga ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni. Kun kuma san wadda na fito dominta. Allah Ya jiƙan ƙanwata, Ya sa wahalar sikila da ta sha ta zama kaffara. Idan mutum biyu kacal suka je gwajin jini kafin a sa ranar aurensu saboda gudun nan, to faratan da na rasa ba su tafi a banza ba.

Da yawa kun tambaye ni me mutum ke tunani idan yana gudu shi kaɗai tun asuba. Da ma in ce muku tunanin manyan abubuwa nake. Wallahi ruwa ne. Nawa ya rage a jarka, ina rijiya ko famfo na gaba, sannan ina zan kwana. Ina idar da sallar asuba zan shafa basilin a hammata da cinyoyi da tsakanin yatsu, in naɗe bororon jiya, in kama hanya tun ana sanyi. Hantsi na ɗagawa kwalta ta fara tafasa, sai neman inuwa. Can zan jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli, in haɗa ruwan gishiri da sukari don kada jijiya ta ɗaure, in wanke safa in shanya ta a hannun keken jariran da nake tura kayana a ciki. In haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, rana na yin sanyi in sake tashi. Tirela na wucewa iskarta ta jefa ka ciyawa, ka fito ka kakkaɓe ƙarangiya ka ci gaba. Da dare kuwa duk inda aka ce bismillah: barandar masallaci, bayan gidan mai, bencin mai shayi. Kashegari a sake daga farko.

Keken jariran da ya ba ku dariya ba dabarata ba ce. A wurin masu zagaye duniya da gudu na gani. Wani Baturen Ingila, Kevin Carr, irinsa ya tura da kayansa daga 2013 zuwa 2015, kilomita 26,232 cikin kwana 621, ba motar da ke binsa. In ka raba, kullum sama da kilomita 42 ke nan. Da kwana ɗaya tak ya doke Tom Denniss na Ostareliya, shi kuwa matarsa na biye da shi a mota. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai tsohuwa ce, Rosie Swale-Pope. Mijinta ya rasu da ciwon daji, ta bar garinsu Tenby ranar da ta cika shekara 57 a 2003, tana jan amalankenta ta ratsa Saberiya da Alaska, ba ta dawo ba sai 2008, tana dogara sanda saboda tsagewar ƙashi. Duk ranar da na ji zan zauna a bakin titi in tare motar Sakkwato, ita nake tunawa in ji kunya. Abin da na yi ko kusa da nasu bai kai ba. Sai dai su kyarkeci da ƙanƙara suka yi fama da su. Ni abin da ya kusa gamawa da ni tsoron da ke cikin zukatan mutanenmu ne, kuma shi nake so in ba ku yau, don a lokacin ban rubuta ba saboda kada ya kai kunnen Inna.

Kun tuna daren da wayata ta mutu tsakanin Kwantagora da Yawuri, kuka yi ta kira? Ƙafar keken ce ta karye da yamma, na ɗaure ta da igiya ina lallaɓawa, duhu ya riske ni ban kai inda na nufa ba. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ina shiga bakin gari sai hasken tocila ta ko'ina a fuskata, aka ce in kwanta. Na kwanta. Na ji bakin bindiga a ƙeyata, sanyinsa har yanzu yana nan. 'Yan banga ne. Suka zazzage keken a ƙasa: ga waya da taswira, ga fawa bank, ga agogon da ke ƙirga tafiya, ga kuma littafin da nake rubuta sunan kowane gari da nisansa da inda ake samun ruwa. Ku saka kanku a matsayinsu. Baƙo da dare, ba wanda ya san shi, da sunayen ƙauyukansu a rubuce. Ɗaya ya ce infoma ne. Kafin ka ce kwabo gari ya fito, mata na leƙe ta katanga, wani yaro har ya ɗauko taɓarya. Na ce gudu nake daga Legas, sai hayaniyar ta ƙaru, don wa zai yarda? Na daina bayani, na kama kalmar shahada.

Ban riƙe su a zuciya ba, kuma ina roƙon kada kowa ya zage su a ƙasan rubutun nan. Mutanen da suka binne 'yan uwansu, aka kore musu shanu, suka kwana a daji da jarirai, ba ka da bakin ce musu me ya sa ba su yi wa baƙo fara'a ba.

Ana cikin haka wani dattijo ya ratso taron, siriri, da carbi a wuya. Ladanin garin ne. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya haska ƙafafuna, ba fuskata ba, ya ce in cire takalmi. Na cire, safar ta manne da jini. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin takardun kira zuwa gwajin jini da suka warwatse, mai hoton marigayiya, ya ce, "Yaro, wace ce wannan?" Na ce, "Ƙanwata ce, Baba. Ta rasu." Ya ce me ya same ta, na faɗa masa. Ya yi shiru. Sai ya miƙe ya ce da shugaban 'yan bangar, "Ku bar mini shi. Wanda aka aiko leƙen asiri a babur yake zuwa, ba ya kashe ƙafarsa haka. In gari ya waye wani abu ya samu garin nan, ni za ku kama, kun san gidana."

Ku tsaya ku auna maganar nan. Bai san ni ba, bai san ubana ba. Da a ce an yi rashin sa'a ɓarayi sun shigo a daren, ko da ba ruwana, shi da iyalinsa sun gama zama a garin. Ya ɗora mutuncin da ya tara tsawon rayuwarsa a kan ƙafar wani baƙo mai wari.

Ya kai ni zaurensa. Daga cikin gida aka miƙo ruwan zafi da bagaruwa, da man kaɗe a murfin kwalba, da tuwon dawa miyar kuka wanda na tabbata rabon wani ne aka rage. Ban ga fuskar matar gidan ba, muryarta kawai na ji ta bayan asabari tana cewa, "Sannu ɗana, sannu." Hannuna na rawa har na kasa kai loma baki. Baba Ladan ya yi kamar bai gani ba, ya shiga ba ni labarin mahaifinsa da ya je Makka a ƙasa, ta Borno da Fallomi (N'Djamena ta yanzu) da Darfur har bakin teku, yana tsayawa yana ƙwadago a gonakin mutane, ya yi shekaru kafin ya dawo. Ya ce da mutanen hanya sun rufe wa tsohon ƙofa, da shi ba a haife shi ba. Game da hoton kuwa bai ce komai ba sai da na kwanta, ya ce su ma sun binne biyu da irin wannan ciwon, sai daga baya aka gaya musu sunansa. Ya karɓi takardun gwajin da suka rage mini duka, ya ce zai ba liman.

Da zai kwanta sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar zauren, ya kwanta a gicciye. Ko ni yake tsarewa daga mutanen gari, ko gari yake tsarewa daga ni, na ga duka biyun daidai ne. Da asuba ya tsallaka ya je ya kira salla, na bi sahu kusa da saurayin da ya ɗora mini bindiga. Bayan an sallame shi ne ya ɗauki ƙafar keken a babur ya kai wa mai walda, ya dawo da ita, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Mun yi musabaha.

Baba Ladan, ba ka da Facebook, amma na san jikanka zai karanta maka. Allah Ya tsare ka kamar yadda ka tsare ni. Allah Ya jiƙan 'ya'yan nan biyu, Ya haɗa ku a Aljanna Firdausi. Allah Ya sa muryar da kake tada mutane da ita ta yi maka shaida ranar da ba wani ceto sai naSa. Allah Ya zaunar da garinku lafiya, ku koma noma gonakinku na nesa, 'yan bangarku su koma kwana a ɗakunansu.

An ce ba a kiran sunan mai alheri don kada a rage masa lada. Ku gafarce ni, wasu ba zan iya haɗiye su ba. Mutanen Sabo na Ibadan da suka karɓe ni kamar sun san da zuwana. Mama mai amala kusa da Ogbomosho, ba ta jin Hausa ba na jin Yarbanci, ta leƙa keken tana neman jariri, ta ga jarka da tabarma, ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara mini nama. Mai facin bakin gadar Jebba. Direban tankar da ya rage gudu ya miƙo mini ruwa mai sanyi ta taga ya wuce, ko lambar motarsa ban riƙe ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta tsaga mini bororon da ya yi ruwa, tana yi tana yi mini faɗa. Masunta a Yawuri da suka gasa mini kifi a bakin ruwa. 'Yan makarantar Koko da suka bi ni da gudu har malaminsu ya fito da bulala. Matasan Birnin Kebbi da suka raka ni zangon ƙarshe. Abokina mai shagon caji, wanda kullum shi ke zuwa ya nuna wa Inna hotona ya ce mata ai ƙiba ma na yi, Allah Ya yafe maka wannan ƙaryar. Sai matata, da ta riƙe gida da yara da bakin mutane, wannan tsakanina da ita ne.

Akwai kuma na jini da na zaci zan gani a hanya. Wani gidansa ko nisan kiran salla bai kai ba daga titin da na bi, na kira har waya ta gaji, a masallacin tasha na kwana. Waɗanda suka ce wa Inna a kai ni a yi mini ruƙiyya, ban gan su ranar da aka taro ni ba. Ƙila uzuri ne. Na bar shi a nan, Inna ta hana ni ƙarawa.

Ya Allah, duk wanda ya ba ni ruwa Ka shayar da shi daga Alkausara. Wanda ya ba ni wurin kwana Ka yalwata masa kabarinsa. Wanda ya turo ɗari biyar yana jin kunyar ƙanƙantarta Ka ninka masa ba adadi. Wanda ya tashi cikin dare ya ambace ni a sujada ban sani ba, Ka biya masa buƙatar da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Masu fama da sikila Ka sassauta musu, iyayen da ke kwana a zaune a gefen gadonsu Ka ba su juriya da abin sayen magani. Kebbi da Zamfara da Neja da Sakkwato, Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa, hanyoyinmu su koma yadda matafiyi zai yi sallama da dare a amsa masa ba da bindiga ba. Amin.

Masu tambaya ko zagayen duniya ne na gaba, ku je ku tambayi Inna, ta kulle keken a ɗakinta ta ɗaure makullin a bakin zane. Ranar Juma'a bayan La'asar za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida domin marigayiya da duk waɗanda suka taimaka. Akwai masa da kunu. Kowa muna gayyata, har da waɗanda wayarsu ba ta shiga.