Kwalbar da ba a kwantarwa

Asabar, bayan sallar isha'i, Mainz, Jamus

Har yanzu jakata tana rataye a bakin taga tana ɗiga, ɗakin kuma duk ya ɗauki wani tsami-tsami kamar kunun zaƙin da ya kwana a rufe. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Ƙarfe tara na safe Oma ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Tsohuwar da ke zaune a hawan da ke ƙasa da nawa ce. Oma da Jamusanci kaka ke nan, ita da kanta ta ce in riƙa kiran ta haka tun watan da na tare. Gobe Lahadi take cika shekara 74, 'yan ƙungiyar waƙar cocinsu za su zo mata su goma sha biyu, ga shi gwiwa ta hana ta sakat. A ƙasar nan kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, wanda bai yi cefane yau ba sai dai gobe ya nufi gidan mai ko tashar jirgin ƙasa ya saya da tsada. Shi ne ta ce in raka ta kantin rangwame na bayan layinmu.

Muna da tsohuwar yarjejeniya ni da ita. Dankali, ruwan kwalba, fulawa, komai nauyinsa ni ne ɗan dako. Giya kuwa ita da kayanta, a 'yar jakarta mai taya take jan ta. Tun farko na gaya mata cewa a addinina ba mai sha kaɗai aka hana ba, har da mai ɗauka da mai sayarwa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To, Allah ya sa dai bai hana ka ɗaukar dankali ba." Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba.

Na zura Yuro ɗaya a keken sayayya, sarƙa ta saki, muka shiga. Irin waɗannan kantuna, su Aldi da Lidl da Penny da Netto, ba su san ado ba. Kaya a cikin kwalin da suka zo ake jera su, ma'aikata uku ko huɗu ne ke riƙe da wurin gaba ɗaya. Wasu 'yan'uwa biyu ne daga Essen, Karl da Theo Albrecht, suka yaɗa wannan salo bayan sun karɓi ragamar shagon mahaifiyarsu da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya suka raba kamfanin gida biyu, na arewa da na kudu, wai a kan gardamar ko a sayar da taba ko kar a sayar. Sunan Aldi ma daga Albrecht Diskont aka gutsuro shi. Oma ta ce da ƙuruciyarta masu hali kunyar a gan su da ledar irin wannan kanti suke ji. Yau sai ka ga mai Marsandi yana rububin man shanu da ɗan makaranta.

Da muka zo layin giyar inabi na ja gefe na riƙe keke, niyyata in duba waya har ta gama. Ina! Ai nan ne bakinta ya buɗe. Ashe 'yar manoman inabi ce, a wani ƙauye kudu da nan aka haife ta, cikin Rheinhessen, wanda shi ne mafi girma a yankuna 13 da ake noman inabin giya a Jamus. Tana 'yar shekara bakwai aka fara ba ta almakashi ta shiga gona tsinka.

Ba ta kallon hoton gaban kwalba sam, juya ta take ta karanta ƙananan rubutun baya. Ta nuna min da ɗan yatsa: in an rubuta manomin da ya noma shi ne ya ɗura, to daga gona ɗaya ta fito. In kuwa sunan kamfanin ɗuri kawai ka gani, to tattaro ta aka yi daga nan da can aka haɗa. Ta ce masu zuwa daga nesa, kamar Chile da Afirka ta Kudu da Ostareliya, da yawansu ba a kwalba suke tsallako teku ba. Wata ƙatuwar jakar roba ake shimfiɗawa a cikin kwantena a cika ta, tana cin lita 24,000, sai an iso nan a ɗura. Na buga a waya, kwalba 32,000 ke nan daga kwantena ɗaya. Sai ta sa ni na sunkuya na karanto mata farashin kantar ƙasa, domin mafi araha kullum a can ake ajiye su, inda sai ka durƙusa. Yuro 1.99. Kofin gahawa a bakin tasha ya fi haka tsada.

Na ce, "Oma, wannan wace irin araha ce haka?"

Ta ɗauko wata ta Yuro 2.99 ta fara lissafi da yatsu kamar mai koya wa ɗan aji uku. Gwamnati ba ta ɗora wa giyar inabi wani haraji na musamman a nan, in ban da mai kumfar nan da suke kira Sekt, wadda Sarki Wilhelm na Biyu ya sa wa haraji a 1902 don ya gina jiragen ruwan yaƙi. Jiragen sun daɗe da zama tarihi, harajin yana nan, Yuro 1.02 a kowace kwalba. Amma harajin saye, kashi 19 cikin ɗari, wannan ba makawa: santi 48 ya tafi, saura Yuro 2.51. Cire kuɗin kwalbar da murfi da takarda da kwali. Cire na mota. Cire ribar kanti, cire ta mai ɗuri. Ta tsaya da ɗan yatsa ɗaya a miƙe, ƙaramin. "Wannan shi ne na wanda ya yi shekara guda yana yanke reshe cikin sanyin Janairu, yana fargabar ƙanƙara a watan Yuli."

Ban ce komai ba, don hankalina ya riga ya tafi Kura, lokacin kakar tumatir. Kawuna yana tsaye a bakin titin Zariya da kwanduna jere, rana na dukan su, dillali yana taya masa kuɗin da bai kai na kwandon da hayar mota ba, kuma dole ya sallama, tunda tumatir ba ya jira. Ban taɓa zaton zan tuna wannan a gaban kantar giya ba. Mai saye a Kano yana murna ya sami banza, ni ma sau nawa na yi wannan murnar.

Na yi tsammanin bayan duk wannan huɗuba za ta ajiye kwalaben ta fita. A'a. Ta ɗauki shida, sai dai ba daga kantar ƙasa ba, ba kuma daga ta sama ba: farar Riesling huɗu ta yankinsu, sai jar Primitivo biyu daga kudancin Italiya, wai akwai mutum biyu a ƙungiyar da ba sa shan fara. Duk ta duba ta tabbata an rubuta trocken, wato marar zaƙi. Na ce mata, "Ke da kika gama yi min wa'azi?" Ta ce, "Ɗana, wa'azi kyauta ne, fanshona kuwa ƙirgaggen abu ne." Na ga alamar abin bai yi mata daɗi ba, don ta daɗe tana gyara kwalaben a jaka ba tare da ta ɗago ba.

To, ga inda tawa ta same ni.

Tunda an gayyace ni goben, na ce bari in sayi abin da zan sha. Ni dama mai gauraye nake nema a lemon kwalba, wanda ba a tace ba, saboda wasu kamfanoni da gelatin suke tace ruwan 'ya'yan itace, shi kuma galibi daga alade ake samo shi. Sai ga wasu kwalabe a cikin firji kusa da kayan lambu, fari-fari, gauraye kamar kunun aya, da hoton ganyen inabi a jiki. Na ce yawwa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ban karanta komai ba sai farashi. Mai karɓar kuɗi kuma kun san su, hannunta kamar injin, kafin ka buɗe jaka kayanka sun taru. Na biya, na kwantar da kwalbar a ƙasan jakar goyo, na ɗora dankali a kai, Oma tana can tana bin rasit layi-layi.

Mun kai wajen fitilar hanya ta biyu na ji sanyi yana bin gadon bayana. Na ɗauka gumi ne. Gumi a Oktoba? Kafin mu tsallaka ya kai wando. Oma ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta ce in sauke jakar. Tana ganin kwalbar ta kama ƙarfen fitilar ta dinga dariya har da hawaye, mutane suna waiwayen mu.

Sunanta Federweisser. Sabuwar giya ce ta kaka, ruwan inabin bana da ya fara tsima bai gama ba, daga Satumba zuwa Oktoba kawai ake samun ta. Sai barasar cikinta ta kai kashi 4 cikin ɗari ake fara sayarwa, kuma kullum ƙara ƙarfi take, don tana cikin kwalbar ma aiki take yi. Shi ya sa ba a toshe murfin gam, an bar wa iska hanya, in ba haka ba kwalbar fashewa za ta yi. A wuyanta an rubuta ɓaro-ɓaro cewa a tsaye ake ajiye ta. Ni da na kafa sharaɗin ba na taɓa jakar giya, sai ga ni na saye ta da kuɗina, na goya ta, na yi wanka da ita a tsakiyar titi. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Allah ya taimake ni ban kai ga kurɓa ba, don da kwalbar ta isa gida lafiya, da yanzu wani labarin ake.

Abin ma ya tuna min cewa ko a Hausa kalmar ruwan inabi tana da fuska biyu. Ni in na ce ruwan inabi lemo nake nufi, amma a Hausar coci abin da ake kiran giyar ke nan.

Na yi wanka, na canza kaya, na yi azahar a makare. Dankalin sai da na wanke shi ɗaya bayan ɗaya kafin na kai mata. Rabin kwalbar da ya rage tun a hanya ta karɓe shi, ta tsayar a jakarta, ta ce ai gobe da ma wainar albasa za ta gasa, ita ce abokiyar tafiyarsa. Ta ciro kuɗi za ta mayar min, na ce, "Oma, rufa min asiri. Na saya, na ɗauka, yanzu kuma so kike in zama mai sayarwa?"

Da la'asar na ji motsi a bakin ƙofa. Ko da na buɗe har ta fara sauka, tana bin matakala ɗaya-ɗaya da gwiwar nan tata. Ta ajiye min kwalin ruwan inabi na gaskiya, ta zagaye kalmar Traubensaft da jan biro har sau biyu, da 'yar takarda a maƙale: ƙarfe uku ake farawa, ta ware min wainata a wani faranti daban ba naman alade, in kuma taho da kujeru biyu daga ɗakina don nata ba za su isa ba.