Fok ɗin BMX da na haɗa har sau biyu kafin ya zauna

Na jima ina hawa keken BMX, irin mai taya inci 20 ɗin nan da ake tsalle-tsalle da shi, kuma abin da ya fi damuna shi ne nauyin gaban keken, duk sanda zan ɗaga shi sai in ji kamar an ɗaura masa dutse. Shi ya sa na samu wani abokina mai walda muka ce bari mu haɗa namu fok ɗin, wato ƙarfen nan mai ƙafafu biyu da ke riƙe tayar gaba, da bututun chromoly 4130, ƙarfen da ake gauraya masa chromium da molybdenum, wanda ko an sirantar da shi yana da juriya.

Kuskuren da na yi a na farkon, ko'ina na rage kauri, har da gindin wuyan fok ɗin, wato bututun da ke shiga jikin keken, daidai inda ƙafafun biyu suke haɗuwa, ni dai burina sikeli ya nuna ƙasa. Bai yi wata biyu ba na diro daga wani tsalle da tayar gaba, na ji wani ɗan ƙas, na sauka na goge ƙurar wajen da yatsa sai ga fenti ya ɗago, ga tsaga siririya kamar silin gashi ta bi gefen waldar. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin da a sama ya rabu da fuska zan sauka. Ashe ba waldar ce ke fara tsagewa ba, ƙarfen da ke gefenta ne wanda zafi ya taɓa, kuma nan ne duk dukan da taya ta sha yake taruwa.

A na biyun muka sake lissafi gaba ɗaya. Wuyan, mai faɗin inci 1 da 1/8, daga ƙarfe guda aka fafe shi, gindinsa da kauri ta ciki, yana sirancewa zuwa sama. Ƙafafun kuma suka tafi suna tsukewa zuwa ƙasa, a nan ne ake cire nauyi ba tare da an cuci ƙarfi ba. Kunnuwan da aksil mai milimita 10, wato sandar tsakiyar taya, ke shiga na bar su milimita 5, ban taɓa su ba tunda ina goga peg, wato guntun bututun da ake ɗaurawa a gefen aksil ana zamewa da shi a kan ƙarfe ko dakali. Waldar TIG aka yi, irin wadda ake yi da lantarki da iskar gas, bayan nan aka kai shi aka gasa aka sake daidaita taurinsa, wannan matakin fa da na tsallake a farko shi ne rabin aikin.

Na kuma rage tazarar da aksil ke yi gaba da layin wuyan daga milimita 32 zuwa 25, kan ya fi saurin juyawa, tsayuwa a tayar gaba ta yi sauƙi, sai dai in ana gudu sosai yana ɗan rawa, sai da na saba.

Ya fi na farkon nauyi kaɗan, yana kusa da kilo ɗaya. Har yanzu duk sati nakan cire tayar in haska gindin wuyan da tocila, ban ga komai ba tukuna.