Mako na shida: inda na tsaya a kan tsaunin Strauss

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau mako shida ke nan ina fama da kiɗan tsaunukan Alps na Richard Strauss, Bajamushe marubucin kiɗa, wanda aka fara kaɗawa a Balin a 1915, shi da kansa yana jagorantar makaɗa sama da ɗari. Sassa 22 ne a jere, kusan minti 50 ba tsayawa, suna siffanta yinin hawan dutse: a tashi da duhu, a hau, a sauko cikin hadari, dare ya sake yi.

Abin da na yi a makon nan kaɗan ne. Na kwafe farkon sashen dare a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, layi bayan layi, belin kunne a kaina bayan isha'i. A nan na gano yadda ya haɗa duhun. Sautin yana gangarowa mataki-mataki, amma duk matakin da masu goge suka taka ba sa sakinsa, sai su riƙe, har sautukan su taru su zama hazo. Daga cikin hazon ne manyan ƙahonin tagulla ke ɗago siffar dutsen a hankali. Da na cire riƙon don gwaji, wallahi nan take duhun ya watse.

Kuskurena yana ƙololuwa. A ɗan kiɗan da nake rubutawa, da na kai saman dutse sai na saki kowa da kowa, ganguna da ƙahoni, don a ji girma. Na koma wurin Strauss, sai na tarar bayan kiran ƙahoni obo guda ɗaya ya bari, mai siririyar murya kamar algaita, yana tafe yana tsayawa kamar wanda numfashi ya ƙare masa. Sai daga baya taron makaɗan ke shigowa. Mutumin ya san hawa: yana matashi ya ɓace a tsaunin Bavariya, ruwa ya yi masa duka, washegari ya zauna ya kaɗa abin a fiyano.

A nawa kiɗan, na goge layuka goma sha biyu na bar sarewa ɗaya. Har yanzu shigowar taron ba ta zauna mini ba, tana zuwa da gaggawa.

Mako mai zuwa sashen makiyaya zan shiga, inda ya sa ƙararrawar shanu ta gaske a cikin makaɗa. Wanda ya riga ni kwafe wurin, don Allah ya faɗa mini yadda ya daidaita ƙarfinta.